Tagullar Anaruwa

Kakana sunansa Anaruwa,
don ran da aka haife shi sama ta tsage a Adar.
Amma ya ce bai san ruwa ba
sai da Faransa ta kifa masa jar hula
ta ɗora shi bisa teku.

Da asuba suka gan shi,
sa'ad da teku ta janye zanenta daga gaɓa:
jirgin yaƙin Jamus, kwance a kan haƙarƙari
kamar raƙumin da ƙishi ya kayar a hanyar Bilma,
bakin igwarsa na duban laka,
gefensa a huje, hujin da sa zai shige da ƙahonsa.
Kwana tara da yin faɗan,
ƙarfen bai daina ƙauri ba.
Fararen tsuntsaye sun jeru a kansa.
Ya ce, ashe teku ma tana da ungulayenta.

Aka ce su shiga su fito da abin da ya saura.
Shi dai takalmi ya gani, ƙafa ɗaya, igiyar a ɗaure tsaf,
da wani yaro mai gashi kamar gemun masara,
wanda aska ba ta taɓa sanin haɓarsa ba.
Nan labarin ke tsayawa kullum.
In muka matsa, sai ya aike mu sayen goro.

Abin da ya ɓamɓaro daga bango ya soke a ɗamara,
tagulla ce, tsawon tafin hannu, huji biyu,
da rubutu mai ƙayoyi kamar sawun kunama.
Shekara arba'in tana ƙasan akwati,
ita da lambar yabo da takardar fansho.
Ya ce sunan kyaftin ne.
Mushe Tankari na lakwal ya jujjuya ta, ya ce ba Faransanci ba ne.
Tsofaffin sojoji, a inuwar bedi,
wani ya ce sunan jirgin ne,
wani ya ce zagi ne, mu ake zagi.

Shekarar da rijiyar Bilbis ta ƙafe,
har guga na dawowa da yashi,
aka kawo masu haƙa, cikinsu da Bajamushe,
dogo, wuyansa ja kamar tattasai.
Kakana ya maƙala lambarsa a ƙirji,
ya dogara sanda, ni ina biye da tagullar cikin tsumma.
Rabin Tawa ta biyo mu, tana jiran faɗa.

Mutumin ya share ta da babban yatsa.
Ya karanta. Ya sake karantawa.
Ya dubi tsohon, ya dubi ramin da suke haƙa,
sannan ya faɗa wa tafinta.
Tafinta ya ce, Baba, ruwan sha.
Kakana ya ce, ba na jin ƙishi.
Ya ce, a'a, Baba, abin da aka rubuta ke nan.
Bisa famfo ake kafa ta.

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
har ya zauna bisa tulin ƙasa.
Da ya ɗago, idonsa ya jiƙe.
Ya ce, a gindinta na tarar da yaron.
Sun rubuta na sha, na ci ya zo musu.

Bajamushen ya tube hula, bai san me aka ce ba.

Washegari kakana ya nemi ƙusa biyu,
ya kafa ta a bangon zaure, daidai saman randa.
Yau shekara sha ɗaya da rasuwarsa.
Masu albasa daga Galmi, ƴan makaranta, direbobin Agadas,
kowa ya ɗauki moɗa ya sha ya wuce,
babu mai iya karanta ta.
Ni ke goge ta ran Juma'a, da toka da tsamiya,
sannan in cika randar.